Kajin Jego na Hajjo

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙauyen su Hajjo, a ƙasar Kona, ya san ana jin gidanta kafin a gan shi. Zabbi na ta ƙarajinsu a kan danga, agwagi na taku kamar masu sarauta, kaji kuwa ba a magana. Ita kanta mai gidan ba ta fi su shiru ba. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da saurin baki, wadda in ta fara ba ka labari sai ka nemi wurin zama.

Tun tana yarinya kakarta ta ba ta budurwar kaza guda, kamar yadda ake ba yara don a gwada hannunsu. Na wasu shirwa ta ɗauke, na wasu aka yanka wa baƙo, ta Hajjo kuwa ta yi ta ƙyanƙyasa har aka sayi akuya daga cikinta. Ranar da aka kai ta gidan Namadi, a kan kayan ɗakinta har da akurki, kaza a ciki tana leƙen 'yan rakiya. An yi dariya, an ce amarya ta zo da ƙawarta. Ba a yi shekara biyu ba masu dariyar suka fara zuwa aron ƙwai.

Aikin ta iya shi, gaskiya ce. Ta san zabuwa ba uwa ba ce, sai ta kwashe ƙwanta ta sa wa kaza ta kwanta a kai. Takan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin suri, washegari ta ɗauko ta cike da gara ta zazzage wa 'yan tsaki. In kaza ta yi sanyi, ga barkono da tafarnuwa da ɓawon maɗaci a kaskon ruwa. A wurin Hajjo ciwo bai da wani sirri. Takan ce duk mai hanci mura na kama shi, mutum ne ko kaza, kuma maganin ɗaya ne, yaji.

Abu guda take taƙama da shi fiye da komai: kaza ba ta taɓa yin mushe a gidanta ba. Da ta ga wata ta langaɓe ba alamar tashi, sai ta ɗauke ta a kai ta ga wuƙa kafin rai ya fita. To, a wurinsu mace ba ta yanka. Da Namadi na da rai shi ke yi mata. Bayan rasuwarsa aikin ya koma hannun ƙaninsa Manzo, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, kuma ma'aikatar kiwo ta koya masa allurar dabbobi, yana yawon ƙauyuka a kan babur da akwatin magani a baya. Tsakanin ƙanin miji da matar wa kuwa kowa ya san wasa ne. Shi ya ce mata uwargida, ita ta ce masa mijin banza wanda bai san hanyar gida ba sai ya ji ƙamshin ƙundu. Ƙundun kuwa nasa ne duk kazar da ya yanka, ba ta taɓa hana shi ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Hindatu, tana aure a Tasawa gidan wani tela mai suna Abdul Razak. Shekaru suka yi ta wucewa ba ko ɓari. Hajjo ba ta faɗa wa kowa ba, amma duk sunan da ta je ta yi guɗa, da ciwo a ranta take komawa gida. Saboda haka ranar da aka ce mata Hindatu na da ciki, ba ta yi magana ba, abin da ba a saba gani ba. Ta shiga garken kajinta ta tsaya tana dubawa, sannan ta fara nunawa da yatsa: wannan, da wannan, da waccan mai wake-wake. Daga ranar suka zama kajin jego. Su ke fara cin tsaki, su ke samun gara, kuma ko Manzo bai isa ya yi musu kallon miya ba.

Da ta so ne Hindatu ta dawo gida ta haihu, ta yi wankan jego a gabanta kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Likita ya hana, ya ce cikin na son a zauna kusa da asibiti. Zara'u, uwar Abdul Razak, ta bugo mata waya ta ce kada ta damu, za su kula da yarinya, nama kuma ga shi nan a kasuwa. Da zuciya ɗaya matar ta faɗa, amma Hajjo ta ɗauke ta da zafi. Naman kasuwa! Ɗiyar Hajjo mai kaji ce za ta yi jego da naman kasuwa? Kafin rana ta faɗi duk matan da ke bakin rijiya sun ji cewa Tasawa za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Za a ɗaure kaji a kan mota har direba ya rasa inda zai sa kayan mutane, mai jego ta sha romo har ta ce ya isa.

Ana cikin haka wani ɗan kaji ya biyo ta ƙauyen da kwanduna a bayan babur. A ciki akwai wani jan zakara mai tsawon ƙafa, ƙirjinsa kamar na ɗan kokawa. Hajjo na ganinsa ta ce wannan na ranar suna ne. Mutumin bai ja ciniki ba ko kaɗan, ya karɓi zabbi biyu ya miƙa mata zakaran ya tada babur. Ta yi ta yi masa dariya a bayan ido, wai bai san darajar kayansa ba. Ta saki zakaran cikin kajin jego nan take, don su saba.

Lokacin sanyi ne, kuma mura ta riga ta shiga garin kamar yadda take shiga kowace shekara. Ta fara da yara, ta bi iyaye, a masallaci ma tari ya fi amin yawa. Hajjo ta ɗauko tata a wajen wani biki tun kafin zuwan zakaran, ta yi kwana biyu da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, sannan ta miƙe da majina da atishawa ta ci gaba da harkarta. Tana tsakar gida tana watsa tsaki wayarta ta yi ƙara. Abdul Razak ne.

"Inna, an sauka! Namiji ne! Aiki anka yi mata, amma ta hwarka, lahiya lau suke."

Ƙwaryar tsakin ta faɗi, kaji suka yi caa a kai. Hajjo ta buɗe baki za ta yi guɗa, atishawa ta riga ta. Ta sake gwadawa, wannan karon ta fita, shaƙaƙƙiya amma ta isa har bayan gari. Mata suka yi ta shigowa da gudu, wasu da muciya a hannu. Ta taka rawa a tsakar gida ba kiɗa, tana share hanci da bakin zane, tana faɗin ta yi sabon miji, a je a gaya wa Manzo ta sallame shi. Nan take ta tsara komai: jibi za ta tafi, ta zauna har a yi suna, ta wuce har arba'in. Ta aika a nemo mata igiyar ɗaure ƙafafu, ta ciro sabon turminta daga ƙasan akwati. Ranar duk wanda ya shigo barka sai da ya bi ta cikin kaji aka nuna masa wadda za a fara yankawa.

Washegari da safe ta tarar da jan zakara a ƙarƙashin rumbu, ya miƙe ƙafafu. Ta daɗe tsaye a kansa. Mushe, a gidanta, kuma a wannan makon! Ta ɗaga shi ta duba. Fuskar ta kumbura, tukkun da ke ja jiya ya koma shuɗi-shuɗi kamar an shafa masa baban rini. Da ta waiga sai ta ga wasu daga cikin kajin jego sun takure a jikin danga, fukafukai a sake, ba su ko kalli tsaki ba. Guda na numfashi da baki buɗe, ruwa na zuba daga hancinta.

Hajjo ta buga ƙirji. Ai ga shi nan a fili: ita ce. Kwana nawa tana atishawa a kansu? Ta shafa musu murarta. Hankalinta ma sai ya ɗan kwanta, don in mura ce ta san maganinta. Ta daka barkono da tafarnuwa, ta riƙa kama su ɗaya-ɗaya tana ɗura musu, tana ba su haƙuri. Kafin hantsi wata ta faɗi gefe tana shure-shure. Nan ta ga abin ya fi ƙarfin yaji, sai dabara ta zo mata, kuma da ta zo har daɗi ta ji. A yanke duk masu sanyin yanzu-yanzu, ta fige, ta soye su ƙayau da mai da yaji, ta cika tukunya ta tafi da ita. Soyayye ma ya fi sauƙin ɗauka. Abin da ya rage mata kawai namiji da wuƙa.

Sai dai ranar kasuwar Tasawa ce. Ta saƙale kaza ɗaya a kowace hammata ta fita da sauri. Gidan maƙwabcinta, ya tafi kasuwa tun da sassafe. Gidan mai unguwa, kasuwa. Ta nufi gidan liman tana haki, matarsa ta ce ya tafi ta'aziyya garin El Allassane Maireyrey, sai gobe. A gindin itacen bedi ta sami wani tsoho guda yana shan hantsi, ta durƙusa ta gaishe shi ta roƙe shi, ya ɗago hannuwansa ya nuna mata yadda suke karkarwa, ya ce ko goro sai an ɓare masa. Gari guda a ce ba namijin da zai ce bisimilla ya ja wuƙa! Ta bi lungu tana faɗa ita kaɗai, tana jin zuciyar kajin na bugawa a haƙarƙarinta, tana ce musu su yi wa Allah su jira.

Can ta jiyo ƙarar babur, kuma ko cikin barci ta san tarin wannan babur. Ta fito tsakiyar hanya ta tare shi.

"Yawwa mijina! Yau ka yi rana. Sauka maza, ga ƙundu har ka ƙoshi."

Manzo ya tsaya yana murmushi, ya fara ce mata ya ji an sake shi, to me kuma ake nema wurinsa. Sai idonsa ya sauka a kan kan kazar da ke leƙowa daga hammatarta ta dama. Murmushin ya ɗauke.

"Uwargida, aje su ƙasa."

"In aje su? Mutuwa za su yi! Hiddo wuƙa."

"Aje su, na ce. Yaushe sunka hwara? Akwai wadda ta mutu?"

Ta gaya masa a gurguje, har da zakaran da ɗan kajin da bai iya ciniki ba. Ta ƙara da cewa kada ya ɓata mata lokaci, murarta ce ta shafa musu, ba wani abu ba. Manzo ya sauka daga babur, ya buɗe akwatinsa, ya ciro safar hannu da takunkumi ya sa. Ba wuƙa.

"Ba ni yankawa, Hajjo."

Da ya kira sunanta haka kai tsaye ta san ba wasa a ciki. Ta aje kajin a ƙasa, ba don ta yarda ba, don dai ta sami hannun nuna shi.

"Ba ka yankawa? Ɗiyar ɗan'uwanka na kwance an tsaga mata ciki, kai kana sa safa kamar mai ɗaukar gawa?"

"Saurara. Wagga da ke gare ki mura ce ta mutane, wadda munka saba. Kowace shekara tana zuwa da sanyi, daga wanga ta kama wancan, a yi kwanaki a tashi. Ba ita ke kashe kaji haka ba. Dubi tukkun, dubi huskar. Kin taɓa ganin kaza ta kwana lahiya ta wayi gari gawa, 'yan'uwanta na bin ta rututu?"

"Ciwon kaji na shekara ne to."

"Na yi musu allurar wannan da hannuna, kin manta da hwaɗan da munka yi? Bon, ban ce na tabbata ba, sai an kai labo, ɗakin gwaji, an gwada. Amma an gaya muna a biro, wurin aikinmu, cewa murar tsuntsaye ta ɓulla wasu garuruwa, kuma kamanninta ke nan. Ita ciwon tsuntsaye ce, daga tsuntsu zuwa tsuntsu take bi. Mai zakaran nan bai rasa wayo ba, gudu yake da kayansa kahin su mutu a hannunsa."

"To in ta tsuntsaye ce, mi ya shahe ni? Ni tsuntsuwa ce? A soya, wuta ta cinye ta."

"Kahin a kai ga wuta hwa? Wa zai riƙe, wa zai yanka, wa zai hige, wa zai hidda hanji? Nan take samun mutum, a jini da gashi da kashi. Ba kowa take kamawa ba, ba kuma kullum ba. Amma wanda ta kama, ba irin wagga da kike share wa da bakin zane ba ce. Huhu take sauka."

Suna cikin wannan, kazar dama ta miƙe wuya, ta shure sau biyu, ta yi shiru. Hajjo ta dube ta, ta dubi Manzo, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ya sa ta yi mushe a tsakiyar gari, a gaban mutane, shi da ya ci ƙundun gidanta fiye da wansa. Ta ce karatun lakwal ne ya cire masa tausayi. Ya bar ta ta gama, sannan ya tambaye ta, in ta kwanta ciwo a Tasawa, wa zai yi wa Hindatu wanka, Zara'u? Wannan ta shige ta. Ta bi shi suka koma gidanta, ya sa ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta cire kayan jikinta aka jiƙa su, shi kuma ya yi ta buga waya.

Ma'aikatan kiwo suka zo da mota, cikin fararen riguna tun daga kai har ƙafa, yara da manya na kallo daga nesa. Suka ɗauki abin gwaji, suka ce kada kaza ko ƙwai ya fita daga garin. Maƙwabciyarta Sa'a ta raɗa mata ta kan danga cewa ta miƙo masu lafiyar a ɓoye mata a ɗaki. Wallahi Hajjo ta so. Har ta kai hannu kan mai wake-waken nan, sai ta tuna Sa'a ma na da kaji, ga kuma jikoki na rarrafe a ɗakin. Ta janye hannunta ta ce a bari. Da sakamako ya dawo ya tabbatar da zancen Manzo, aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari, aka kwashe na gidanta da na gidajen da ke kewaye, masu ciwo da masu lafiya, har zabbi da agwagi. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma wannan ba yanka ba ne, kuma Hajjo ba ta je bakin ramin ba. Ta zauna a ɗaki ta yi kukanta, tana jin ana fesa magani a akurkai.

Ita kuwa tun ranar farko Manzo ya ɗora ta a babur ya kai ta likitar Kona, wato asibitin garin. Majo, babban mai jinya na wurin, ya auna zafin jikinta, ya saurari ƙirjinta, ya yi ta tambaya. Yaushe murar ta fara? Kafin zakara ko bayan zakara? Su wa ke da irinta a gari? Ta ce kafin zakara, kuma rabin gari. Ya ce to alama ta nuna murar mutane ce, tana ma kan hanyar fita. Amma tunda ta rungumi kajin nan, ta zauna gida a sa mata ido na wasu kwanaki, in zazzaɓi ya dawo ko numfashi ya yi mata wuya, ta zo ko tana tsakiyar tuƙa tuwo.

Hajjo ta yi hamdala, ta fara gyara mayafi. Tunda ta mutane ce ai magana ta ƙare, gobe sai Tasawa.

"Ina za ki, Inna?" in ji majo.

"Suna mana. Jikana."

"Da wannan tarin? A'a. Ta kajin ba ta cika bi daga mutum zuwa mutum ba. Wagga taki kuwa aikinta ke nan. Ke kin yi kwana biyu kin tashi, jaririn da bai yi sati ba hwa? Ga uwarsa da ɗinki a ciki, ko tari ɗaya azaba ne gare ta. Ki bari ki warke sarai."

Ta fito tana jinjina kai. Wadda ta raina a jikin kaji ta share mata gida, wadda ta raina a jikinta kuma ta tare mata hanya. Gaba kura baya sayaki. A kan babur ta ce wa Manzo shi da majo bakinsu ɗaya, ya ce i, sun haɗa baki ne don kada sabon miji ya ƙwace masa mata. Ta kai masa duka a kafaɗa, wanda shi ne wasan farko da ta yi masa tun rigimar wuƙa.

Haka aka yi suna ba ta. Ta ci ado tun da safe, ta ɗaura sabon turmin, ta zauna a tsakar gidan da ba motsin komai, waya a kunne. Abdul Razak ya bar tasa a buɗe don ta ji. Ta ji hayaniyar maza, ta ji an yi fatiha, ta ji maroƙi ya ɗaga murya ya ce yaro ya ci suna Khalid. Ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa a cikin wayar, har aka ce matan Tasawa sun ji sun amsa. Sa'a da sauran mata suka shigo suka taya ta, aka yi 'yar rawa, aka raba goro. Da suka watse ne abin ya dawo mata, ta zauna tana kallon inda kaskon ruwa yake da.

Zazzaɓi bai dawo ba, tari ya tafi, majo ya duba ta ya ce ta kama hanya. Ranar ba wanda ya riga ta zuwa bakin hanya. Ta sami gaban mota, ta ba direba labarin jikanta tun daga farko, ta ba matar da ke bayanta, da aka tsaya ɗaukar wani ta sake farawa saboda shi. Sai da rufin kwanon Tasawa ya fara bayyana bakinta ya mutu. A saman motar buhunan mutane ne da tabarmi. Abin da ta riƙo duka-duka ɗan ƙullin kanwa ne da yajin jego, shi ma Abdul Razak ya karɓe a tasha ya rataya a babur. Tun daga nan take shirya abin da za ta ce wa Zara'u, yadda za ta fara da zakara, ta bi ta kan Manzo, ta nuna dai ba rowa ba ce, ba kuma ƙarya ta yi ba da ta ce tana da kaji.

Ta yi sallama da ƙaramar murya, ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwanta a cikin mayafi. Zara'u ta taso da sauri tana lale marhabin.

"Zara'u, ni dai kin gan ni. Kajin da na ce..."

"Mun ji, Hajjo, mun ji duka. Allah shi mayar da alheri. Shigo, tun jiya yarinyar nan ke tambaya ko mota ta iso."

Labulen ɗaki ya motsa. Hindatu ta fito a hankali, ta rame, tana ɗan duƙawa saboda ɗinkin, jariri a ƙirjinta cikin farin zane. Ba ta gaishe ta ba, ba ta ce komai a kan kaji ba. Ta tako har gabanta, idonta cike da ruwa.

"Inna, hiddo hannunki. Na gaji, ki karɓe shi."

Hajjo ta fiddo su duka biyun, ba komai a ciki, aka ɗora mata shi.